Rukayya ta ce injiniyancin kwamfuta za ta cika a fom: ku ba mu shawara

Masta Awudu (Alabar):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma ina roƙon masu karatun cikinmu kada su yi shiru. Sakamakon jarrabawar gama sakandare, WASSCE, na 'yar ƙanwata Rukayya ya fito. Sayans ta karanta, kuma alhamdu lillahi lissafi da fiziks duk ta ci da kyau. Yarinyar nan tun tana JHS take zuwa shagona na gyaran waya a Adum idan an yi hutu. Da fari shara take yi da miƙo mini kayan aiki. Yau ita ke canza wurin caji, ta ɗaga aisi, ɗan ƙwayar lantarkin da ke manne a cikin waya, da iska mai zafi hannunta ko rawa ba ya yi. To yanzu ta ce injiniyancin kwamfuta za ta cika a fom ɗin Tek, wato jami'ar KNUST ta nan Kumasi. Uwarta nas take so ko famasi. Wani kwastoma kuma ya ce da ni asarar shekara huɗu ce, tunda ba a ƙera cif, wato ƙwaƙwalwar na'ura, a Ghana, in ta gama shagona za ta dawo. Ni gyara na iya, ban san abin da ake koyarwa a can ba. Me ake karantawa? Akwai aiki? Kuma binciken nan da take ta faɗa, wai ɗalibi yana aiki tare da lakcara a ɗakin gwaji, ana yin sa a nan gida ko sai Turai?

Abdul (Nima):
Wa alaikumus salam Masta. Zan faɗi abin da na gani da idona ko da ba zai yi daɗi ba. Ni ma da ɓangaren lantarki na fara, a wata makaranta da ba zan kama sunanta ba. Mu goma sha wani abu a kan osiloskof ɗaya, na'urar da ke nuna yadda wuta ke kaɗawa, shi ma in wuta ta tsaya. Shekara biyu ina zana da'ira a takarda ban taɓa ta da hannu ba. Na bari na koma rubuta manhaja, yau ina ɗakina a Nima ina yi wa mutanen waje aiki, laftof da intanet kawai nake buƙata. Manhaja in ka yi kuskure ka goge ka sake, ko sisi ba ka kashe ba. Hadwaya kuwa, wato ƙarfen na'urar, in ka ƙona bod, allon da ake dasa kayan lantarki a kai, sai ka yi oda daga Sin ka jira makonni, ga kuɗin fito. Yarinya ce mai kai, ta yi kimiyyar kwamfuta kawai.

Hajiya Maman Fati (Asawase):
Awudu, ni bayan uwarta nake. Nas ko ba komai an san inda za ta. Wannan karatun na maza ne, ajin duk maza, ina za ta sa kanta?

Malam Tanko:
Hajiya a yi haƙuri, bari in fara da abin da ya fi kusa, wato shiga. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da fiziks a sakandare, fom nawa ne ban cika wa yara ba. Darussa shida ake haɗawa: Turanci, lissafin kowa da kowa da haɗaɗɗen sayans, sannan lissafin zaɓi, fiziks da kemistiri. Kowanne sai ya faɗa tsakanin A1 da C6. A1 maki ɗaya ne, saboda haka jimilla 6 ita ce ƙololuwa, kuma ƙanƙantar lambar ita ce kyanta. Injiniyancin kwamfuta na cikin kwasa-kwasan da ake rububi a KNUST, katof ɗinsa, wato iyakar makin da ake ɗauka, kan sauya kowace shekara, sai a duba na bana a shafin jami'ar kafin a sayi baucar cika fom. Kuskuren da yaranmu ke yi shi ne su zuba zaɓi duka a kan kwas masu zafi. Ta sa kwamfuta a farko, ta bi shi da lantarki, sannan injiniyancin sadarwa. Ukun nan 'yan ɗaki ɗaya ne, darussan farko kusan iri ɗaya suke yi. Kuma ba Tek kaɗai ba ce: Jami'ar Ghana ta Legon na da sashen injiniyancin kwamfuta, jami'ar UMaT a Tarkwa na da nata, jami'ar Ashesi a Berekuso ta fara injiniyanci tun 2015.

Maganar maza kuwa Hajiya, a 2019 'yan matan sakandaren Methodist ta Mamfe suka je Amurka suka ciwo gasar Robofest ta duniya, ta haɗa mutum-mutumi. 'Yan mata ne zalla.

Zulai (Ayigya):
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Kawu Awudu, ni na yi kwas ɗin nan, yanzu ina digiri na biyu, don haka bari in ɗan tsawaita.

Shekarar farko ba za ta ga abin da ya yi kama da shagonka ba, gara ta sani tun yanzu. Lissafi ne, sai ka'idar lantarki, zanen injiniya, da koyon yaren rubuta manhaja na C. Nan ne waɗansu ke karaya, su ce ba abin da suka zo nema ba ke nan. A shekara ta biyu ake shiga tiransisto da da'irar dijital. Tiransisto makunni ne kawai, kamar na fitilar ɗaki, sai dai wuta ce ke kunna shi ba yatsa ba. In ka jera kaɗan ka sami ƙofar da ke cewa "sai wannan da wancan sun kunnu zan buɗe". In ka jera ƙofofi ka sami abin da ke tara lamba biyu. In ka ƙara wurin ajiya da agogon da ke buga musu lokaci, ka sami ƙwaƙwalwar kwamfuta. Furosesar farko da Intel ta fitar a 1971, 4004, tiransisto 2,300 ne a cikinta. Wayar da ke kan teburinka yanzu tana ɗauke da biliyoyi. Shekara ta uku ake koyon yadda ake tsara wannan ginin, da maikurokontirola, da sigina, da manhajar da ke zaune kai tsaye a kan ƙarfe. Ta huɗu kuma furojet, wanda shi ne mutum zai nuna a duk inda ya je neman aiki.

Kawu, kai in waya ta zo a mace ka sa mita, ka ga layin wuta ya haɗe da ƙasa, ka bi zafi har ka gano kafasitar da ta mutu ko aisin wuta. Wannan ilimi ne, kuma wallahi da yawa daga cikin 'yan ajinmu sun gama ba su iya shi ba. Abin da jami'a za ta ƙara wa Rukayya shi ne dalili: me ya sa batirin da ke cika a bolt 4.2 sai an sauke wutarsa zuwa wajen bolt 1 kafin ta isa furosesa, me ya sa aka dasa kafasitar nan daf da ƙafar aisi ba nesa ba, in kai za ka zana bod ɗin daga farko ina za ka sa kowane abu. Mai hannu da dalili a tare shi ne wanda lakcarori ke nema da fitila.

Masta Awudu (Alabar):
Zulai Allah ya yi miki albarka. Shekara ashirin ina cire kafasitar nan, yau ne aka ce mini akwai dalilin zamanta a wurin.

Abdul (Nima):
Bayani ya yi kyau ƙanwata, amma ba ki amsa maganar kwastoman Masta ba. Wane kamfani ne a Ghana zai ɗauke ta ta zana furosesa? Ki faɗi ɗaya.

Mubarak (Jamus):
Yaya Abdul bari in shigo nan, don wannan ne abin da nake yi kullum. Ana haɗa abu biyu ne da ba ɗaya ba: zana cif da toya cif. Masta, idan waya ta zo filashin, tambayarka ta farko ita ce cif ɗinta MTK ne ko SPD, ko ba haka ba? To MediaTek mai MTK ɗin nan ba ta da masana'antar toya cif. Zane take yi ta aika wa irin su TSMC a Taiwan, kamfanin da Morris Chang ya kafa a 1987 don toya wa wasu kawai. Qualcomm haka, Nvidia haka, Apple haka. Arm da ke Kambirij a Ingila ma zanen take sayarwa, kuma kusan kowace wayar da ke Adum da tsarinta take aiki. Masana'antar toyawa ta zamani biliyoyin daloli take ci, ƙasashe ƙalilan ne ke da ita. Zane kuwa kai ne da kwamfuta da ilimi. A Alƙahira akwai injiniyoyi masu yawa da ke wannan aikin wa kamfanonin duniya, a Maroko kuma STMicroelectronics na da wurin haɗa cif a Bouskoura kusa da Kasablanka.

Abin da ya canza tun lokacin da ka bari, Yaya, shi ne ƙofar ta buɗe. RISC-V da aka fara a jami'ar Berkeley a 2010 tsarin furosesa ne da kowa zai ɗauka ya gina a kai ba tare da biyan lasisi ba. A 2020 Google da SkyWater suka saki bayanan fasahar toya cif ta nanomita 130 kyauta. Akwai shirin Tiny Tapeout inda ɗalibai da yawa ke raba fili a cif guda, kowa ya aika ɗan zanensa, a toya a aiko masa. Kayan aikin su ma kyauta: KiCad na zanen bod, Icarus Verilog da Yosys na gwada zanen dijital. Laftof ɗin da kake rubuta manhaja da shi, shi ne dai za ta rubuta Verilog, yaren zanen cif, da shi.

Abdul (Nima):
Na ji. Amma kai kana Jamus kake faɗin haka. Ka ga kai ma ficewa ka yi.

Mubarak (Jamus):
Gaskiya ne na fita, kuma ba zan ce aikin zanen cif ya cika Akra ba, bai cika ba. Amma abin da ya fitar da ni furojet ne da na yi a gida da kayan da na saya a Kumasi. Farfesan da ya karɓe ni bidiyon minti biyu na aika masa na abin yana aiki.

Injiniya Sani (Madina):
Ku duka kun tafi can sama. Bari in sauko da ku ƙasa. Yawancin waɗanda suka yi kwas ɗin nan ba cif suke zanawa ba, kuma ba zaman banza suke ba. Mitar wuta ta kati, injin cirar kuɗi, turakun sadarwa, inbata da kontirolar sola, na'urorin asibiti, injinan ma'adinai a Obuasi da Tarkwa, masana'antun Tema, jiragen Zipline da ke kai jini da magani tun 2019, duk ƙwaƙwalwa ce a cikinsu kuma duk suna buƙatar wanda ya san cikinta. Ni aikina ke nan shekara takwas. In na'ura ta tsaya a asibiti, ko dai a jira Bature ya hawo jirgi, ko a sami ɗan gida da zai karanta taswirar bod.

Abdul, ga abin da ban yarda da kai ba. Wanda ya yi injiniyancin kwamfuta yana koyon rubuta manhaja, dole ne ma. In hadwaya ba ta karɓe shi ba zai tsallaka wurinku cikin watanni, rabin 'yan ajinmu can suke. Amma wanda ya yi manhaja zalla da wuya ya dawo ya koyi lantarki da rana tsaka. Ita ƙofa biyu za ta riƙe.

Alhaji Baba Yaro (Magazin):
Ɗana ne ke rubuta mini. Ku yara kuna magana kamar yau aka fara. Ina yaron shago a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, lokacin da mutanen Tek suka zo a 1980 suka buɗe wurin da ake kira ITTU. Malaman jami'a ne suka sauko cikin baƙin mai suka zauna da mu. Daga nan narka ƙarfe ya yaɗu a Suame, har aka riƙa zuba haƙoran injin niƙa-niƙa a nan maimakon jiran na waje. Yanzu motocin da ake kawo mana duk kwamfuta ce a ciki. Makaniki mai shekara talatin a aiki sai ya tsaya jiran yaro mai laftof ya gaya masa ciwon mota. In 'yarmu ta zango ce za ta zama mai laftof ɗin, har ta buɗe akwatin kwamfutar motar ta gyara, ni ban ga abin ƙi ba. Awudu ka gaya wa ƙanwarka in ji ni.

Hajiya Maman Fati (Asawase):
Alhaji mun ji, Allah ya ƙara girma. Amma kuɗin fa? Uwar nan waakye take sayarwa. Ga hostal, ga laftof. Kuma wa zai sa ido a kanta?

Zulai (Ayigya):
Mma Hajiya, daga Aboabo zuwa Tek Jankshan tafiyar trotro ce, ba wata ƙasa za ta ba. In hostal ya yi tsada tana iya kwana a gida, akwai masu yin haka, ko da yake lokacin jarrabawa da furojet zama kusa ya fi sauƙi. Akwai masallaci a cikin jami'a, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA, 'yan'uwa mata na da nasu zaman. Ni da hijabina na yi shekara huɗu, da shi nake shiga ɗakin gwaji, abin da kawai nake yi shi ne in tura gefensa cikin rigar lab idan zan riƙe ƙarfen darma. Mata ba mu da yawa a ajin, wannan gaskiya ne. Amma ƙarancin namu ya sa duk wani tallafi da aka ware wa mata a injiniyanci ba ma cunkoso a kansa.

Kuɗi kuwa, gidauniyar Mastercard na ɗaukar nauyin ɗalibai a KNUST tun 2014, kuma masu ƙoƙari daga gidajen da ba hali ake nema, mata na gaba. Suna biyan makaranta da wurin kwana har da abin kashewa. Fom ɗinsu daban ne da na shiga jami'a kuma yana da ranar rufewa, kada a bari sai an sami gurbi sannan a fara neman sa. Ashesi ma tana ba da sikolashif sosai, kada tsadar da ake ji ta hana ta nema. Gwamnati kuma a 2025 ta fara ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu a manyan makarantunta.

Malam Tanko:
A ƙara da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda. Yana da tsarin tallafa wa ɗalibai Musulmi na ƙasashen da ba mambobinsa ba, kuma injiniyanci na cikin abin da yake ɗauka. Akwai kuma bashin ɗalibai na SLTF, yanzu da katin Ghana ake nema ba sai da mai tsaya maka ba.

Alhaji Baba Yaro (Magazin):
Bashin nan akwai ruwa a kansa. A tambayi malamai kafin a sa hannu.

Malam Tanko:
Haka ne Alhaji, shi ya sa na sa shi a ƙarshe.

Masta Awudu (Alabar):
Laftof ni zan ɗauka, wannan ba sai an yi magana ba. Zulai, saura binciken. Shi ne abin da ya fi cin ranta.

Zulai (Ayigya):
To Kawu, nan ne nake so duk iyayen da ke zauren nan su saurara, don abin da ke wuce yaranmu ke nan ba su sani ba.

Babu wanda zai liƙa takarda a allo ya ce "ana neman 'yar shekara ta biyu ta zo bincike". Ba haka ake shiga ba. Lakcara yana da tambayar da yake bi, yana da ɗan tallafin da ya samo, yana da ɗaliban digiri na biyu da aiki ya yi musu yawa. Abin da ya rasa shi ne hannu: wanda zai haɗa bod ashirin ba tare da ya ƙona ba, ya je ƙauye ya dasa sensa, ya dawo ya zazzage bayanai. Ɗalibin da ya karanta takarda ɗaya da lakcaran ya wallafa, ya ƙwanƙwasa ofis da abin da ya haɗa da kansa a hannu, ya ce "ina so in taimaka, ko wanke bod ne", da wuya a kore shi. Ni haka na shiga, a hutun shekara ta biyu. Yaran da iyayensu suka yi jami'a sun san wannan tun daga gida. Namu kuwa kunya ke riƙe su, su zauna a bayan aji shekara huɗu lakcara bai san sunansu ba, sai ranar neman takardar shaida su je yana tambayar su wane ne kai.

Daga nan hanyar a jere take. Wanda ya riƙe makinsa, a Tek matsakaicin maki, CWA, na 70 ne ke ba da digiri mai daraja ta ɗaya, kuma aka san hannunsa, ana iya riƙe shi ya yi bautar ƙasarsa ta shekara ɗaya a sashen yana taimakon koyarwa da bincike. Shekarar nan ce ake rubuta takardar farko, a sami wasiƙar shaida mai nauyi, a nemi digiri na biyu. Kwalejin injiniyanci na da shirin KEEP da Bankin Duniya ya tallafa don karatun gaba da digiri, akwai kuma ɗakunan bincike irin su DIPPER da RAIL masu aiki a kan na'urori masu haɗe da intanet da ƙirƙirarriyar basira. A wajen jami'a, Kumasi Hive na Kentinkrono, nan bayan Tek, wurin masu ƙere-ƙere ne. Wanda ke son fita kuma akwai reshen Carnegie Mellon a Kigali, akwai tallafin karatu na DAAD ta Jamus da na MEXT ta Japan, da cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste a 1964, wadda ke kiran matasan ƙasashe irin namu horo a kan FPGA, wato cif ɗin da ake sake wa wayoyin ciki da rubutu.

Kuma kada a ɗauka sai babbar jami'a. GhanaSat-1 da aka harba a 2017, ɗan akwati mai nauyin kilo ɗaya, matasa uku ne daga jami'ar All Nations ta Koforidua suka haɗa shi tare da wata jami'a a Japan. Isaac Sesi da ya gama Tek ya fitar da GrainMate, na'urar auna laimar hatsi, a nan Kumasi. Masara in ba ta bushe ta sauko wajen kashi 13 cikin ɗari ba, a buhu take yin fumfuna. Duk mai sayen masara a Techiman ko Ejura ya san asarar nan, da haƙori ake gwadawa. Ga tambaya daga kasuwa, ga amsa daga ɗakin gwaji. Irinta nawa ne a gabanmu? Ruwan Offin da Pra da galamsey, haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ya dama, wa ke auna shi kullum? Wutar da ke hawa da sauka tana kashe firij, wa ke rubuta yadda take yi unguwa-unguwa? Bature ba zai zo ya yi mana waɗannan ba, ba ciwonsa ba ne.

Abdul (Nima):
Ƙanwata, a kan maganar kunya na sallama miki ɗari bisa ɗari. Ni ban taɓa taka ofishin lakcara ba sai da na zo barin makarantar. Amma ina nan a kan bakana a abu ɗaya: kada ta raina manhaja. Ta koyi C da Python sosai, ta buɗe GitHub, shafin ajiye manhaja a intanet, tun shekarar farko ta riƙa zuba duk abin da ta yi. Sensa ba tare da mai sarrafa bayananta ba ƙarfe ne kawai. In ta yarda ni zan riƙa duba mata abin da ta rubuta duk mako.

Injiniya Sani (Madina):
Wannan ba gardama a kai. Kuma lissafi. Na ga masu hannu da yawa da kalkulas ya kayar a shekarar farko saboda sun ɗauka iya gyara zai ɗauke su. Watannin nan da take zaune kafin a buɗe makaranta, rabi shago rabi littafi.

Hajiya Maman Fati (Asawase):
Ni dai har yanzu zuciyata na ga uwar. Ita ta sha wahalar yarinyar nan, kada a yanke magana a waya a bar ta a gefe. Zulai, ke mace ce kuma kin bi hanyar, ki je gidan da kanki ta gan ki da idonta. Zan raka ki.

Zulai (Ayigya):
In sha Allahu Mma. Juma'a bayan la'asar in ya yi miki.

Masta Awudu (Alabar):
Ga ta nan kusa da ni tun ɗazu tana karantawa, ta ce in ba ta wayar.

Assalamu alaikum iyayena, Rukayya ce. Na gode ƙwarai da lokacin da kuka ba ni. Mma Hajiya, ba zan cika komai ba sai Mmata ta yarda, na yi alkawari. Anti Zulai, abin da nake so in haɗa tun gobarar Adum ta watan Maris na 2025 shi ne ƙaramin abu da za a maƙala a jikin wayar wutar shago, in ta fara zafi fiye da kima cikin dare ya aika wa mai shagon saƙo. Na ga mutanen da muke gaisawa kullum sun tsaya a kan toka. Na karanta cewa ɗan maikurokontirolar nan ESP32 zai iya, amma ban san ko in fara da shi ko da Arduino ba, kuma ban san yadda zai yi aiki ba idan an ɗauke wuta.

Mubarak (Jamus):
Rukayya, tambayarki ta ƙarshe ita ce tambayar injiniya. ESP32 ki ɗauka, yana da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa, kuma da manhajar Arduino ɗin za ki rubuta masa, kin ga kin koyi biyun. Kuɗinsa bai kai na sikirin ɗin waya ba. Ki lura da bolt 3.3 yake aiki, kada ki ba ƙafafunsa 5. Saƙo cikin dare kuwa, shago ba Wi-Fi, sai kin ƙara masa ɗan bod mai ɗaukar sim. Shi wannan yana fizgar wuta da ƙarfi lokacin aikawa, nan za ki ga amfanin kafasitar da Zulai ta faɗa.

Injiniya Sani (Madina):
Kuma ki ji ni da kyau 'yata: ba ruwanki da wayar kamfanin wuta na ECG ke kaɗai. Bolt 230 ba wasa ba ne. Duk gwajinki a kan batir da ruwan zafi a kofi za ki yi shi, ki ga sensar na karantawa daidai. Ranar da za a kai shi jikin waya, sai da mai wayarin a tsaye.

Zulai (Ayigya):
Maganar ɗauke wuta, batirin waya mai kyau ɗaya da ɗan bod ɗin caji sun isa, Kawu na da su a durowa. Sai mu lissafa awa nawa zai ɗauka, ki koyi yadda ake sa ESP32 barci ya farka duk bayan minti ɗaya ya auna. Ina da guda biyu da sensar zafi, zan zo miki da ɗaya ranar Juma'a. Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi, duk abin da kika gwada ki rubuta da kwanan wata, har wanda bai yi ba.

Malam Tanko:
Masta, ina da yara uku a aji biyu, ɗaya ɗan Akwatia Layin biyu 'yan Sawaba, su ma irin wannan ke ransu kuma ba su taɓa riƙe mita ba. In ana zaman nan zan so su leƙo.

Masta Awudu (Alabar):
Lahadi ba ma buɗe shago, benci huɗu ne a ciki da mita uku da madubin ƙara girma. Ku zo bayan azahar. Malam ka gaya musu kowa ya taho da matacciyar waya ko tsohuwar caja daga gida, da ita za a fara. Zulai ki turo mini sunan sensar in duba ko akwai ta a kasuwar kayan waya ta PZ kafin Juma'a.